Gishirin Bina Miyoba

"Tun jiya da rana rabona da abinci, Mama."

"To mutuwa kika yi? Magani a cikin da ba komai yake aiki. Haka muka taso muka gani."

"Wannan ba saiwa ba ce. Nas ta ce in ci wani abu mara nauyi kafin in sa sauran ƙwayoyi huɗun."

"Nas! Ita ta haife ki? Da kika je kwasowa, nas kika tambaya?"

Bangon da ya raba ɗakina da na Bina Miyoba da 'yarta bulo ɗaya ne, ko tari aka yi ina ji. Ƙarfe goma na safe ne, ina guga. Na ajiye dutsen.

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Monze ya san Bina Miyoba, uwar Miyoba kenan, sunanta na yanka ya daɗe da ɓata. Shekara ashirin da huɗu tana tuƙa wa direbobi tuwon masara da miyar busasshen kifi. Daga kwarin Gwembe ta fito da tukunya biyu da jaririya, bayan mijinta ya tafi aikin ma'adinai ya manta hanyar gida. Yanzu benci shida gare ta, da 'yan aiki uku, da kujerar gaba a coci.

Abin da ta fi tinƙaho da shi gishirinta ne. A gwangwani mai kwaɗo take ajiye shi, makullin a wuyanta. Kowace safiya sai ta jera 'yan aikinta ta tambaye su wace ce ke al'ada, da ƙarfi, yadda masu shan shayi za su ji. A nan kowa ya taso da jin cewa macen da ke jini, balle wadda ciki ya fita daga jikinta, in ta sa gishiri a miya, namijin da ya ci tari zai kama shi har ya ƙare. Ban taɓa yarda Bina Miyoba ta gaskata wannan ba. Ta dai san direbobi sun gaskata.

Shekara shida da suka wuce akwai wata Bina Choolwe da ke sayar da abinci a gefenta, miyarta ta fi daɗi, kowa ya sani. Ta yi ɓari, bayan kwana huɗu ta dawo bakin murhu don 'ya'yanta na jiran abinci. Bina Miyoba ba ta zage ta ba. Duk direban da ya yi gyaran murya sai ta dube shi da tausayi ta ce, "Ɗana, a ina ka ci jiya?" Kafin damina ta fita benci biyu na Bina Choolwe sun dawo rumfarta.

To yau ga 'yarta ɗaya tilo, mai shekara ashirin da huɗu, wadda ke juya mata miya kullum, ta haɗiye ƙwayar farko ta zubar da ciki a asibiti jiya. Maganar cikin da ba komai ƙarya ce, ita ma ta sani. Kwanukan gidan su ne kwanukan rumfa. In Miyoba ta ci a ɗaya, 'yar aiki ta gani, ta haɗa da kwanciyarta, magana ta isa tasha kafin la'asar. Bina Miyoba ta san saurin irin wannan magana, ita ta taɓa auna shi.

Na ji fitar uwar zuwa famfo, na matsa jikin bango.

"Miyoba, ƙarfe nawa aka ce ki sa?"

"Anti Luyando? Sha biyu. A kunci, rabin awa ba ci ba sha, sannan in haɗiye abin da ya rage." Ta ƙara da cewa, "Maganin ciwon ma an ce kada in sha da yunwa. Jiri nake gani."

Na dama kunun masara mai ruwa-ruwa, na sa sukari kaɗan, na haɗa da biredi da ayaba biyu. A kwanona mai furen shuɗi na zuba, wanda na fi so.

A bakin ƙofa muka yi karo da uwar, bokiti a hannunta, makullin na lilo a ƙirjinta. Ta dubi kwanon, ta dubi tsakar gida ko da mai kallo. Na jira ta kore ni, har na tanadi abin da zan faɗa mata game da Bina Choolwe. Sai na ga kafaɗunta sun sauka. Sauƙi ta ji, don yarinya za ta ci kuma ba a kwanonta ba.

Ta karɓa da gefen zaninta, kada yatsunta su taɓa, ta miƙa ciki ba tare da ta waiwaya ba.

"Allah ya yi albarka, 'yata," in ji ta, da muryarta ta coci. "In an tambaye ki, zazzaɓin cizon sauro ne. Kwanon kuma ki yafe shi, ko kin dawo nema fasa shi zan yi."