Ƙarar Cokali

Jiya cokali ya suɓuce mini a kicin, sai na tuna da tsohon Baturen da na yi jinyarsa a unguwar St. George. Hafsan soja ne a jirgin ƙarƙashin teku lokacin yaƙin duniya na biyu. Ba a shiga gidansa da takalmi, a lokacin na ɗauka don tsabta ce irin tamu, ashe ƙara ce ba ya so.

Ranar da na yar da cokali a gabansa, ya cafke hannuna, idonsa a silin.

"Shiru, 'yata! Abokan gaba na samanmu, suna saurare."

Na fizge hannuna na daka masa tsawa: "Baba, miyarka na hucewa!"

Tsawar nan tana ci mini rai har yau. Allah ya sa inda yake kwance babu mai farautarsa.