Wane Ne Babba, Baba Ko Baffa Sahabi?

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, mahauci a Ƙofar Atiku, kuma har gobe in na tuna shi dariya ce take fara zuwa min kafin hawaye.

Baba bai san shekarar haihuwarsa ba, haka ma amininsa Baffa Sahabi, dillalin shanu. Amma tun ina 'yar mitsitsiya nake jin su suna musu a kan wane ne babba. Ba musun banza ba ne kuwa: tare suke cin abinci a zaure, kuma babba ne ke fara sa hannu a akushi. Sau nawa tuwon Inna ya huce saboda rigimar tsofaffin nan, ita kuma ta huce haushinta a kanmu.

Tarihin ƙasa kaf suka mayar shaidarsu. Baba ya ce da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama har ya iya riƙe ƙafar bijimi ana fiɗa. Baffa ya ce ai shi a lokacin ya fara bin shanu zuwa kara, kasuwar dabbobi. Ranar 'yancin kai Baba yana da aure.

"Wanga yaro kau ko gemu bai da," in ji Baba, yana nuna Baffa.

Baffa ya ce gemu ai ko bunsuru yana da shi. Haka suka ja ta har yaƙin basasa, da komawar tuƙi hannun dama, da zuwan naira, da cire Kebbi da Zamfara daga Sakkwato. Gwamnatoci sun zo sun wuce, ba wadda ta raba gardamar.

Yanzu jikokin Baba kowa ya san ranar haihuwarsa, har da yanka kek da ɗaukar hoto a waya. Na san da Baba yana nan tsaki zai yi, ya ce an kashe hira. In kowa ya san shekarunsa, a kan me za a yi musu? Kek ɗin dai zai ci, har ya nemi ƙari, don mutumin akwai son zaƙi.

Bai bar mana dukiya ba, ya dai bar mana misalin yadda ake riƙe aboki, kuma wallahi ina kewarsa. Ranar sadakar uku na aika wa Baffa abinci zaure, aka dawo da akushin a rufe. Na leƙa na ce, "Baffa, ka ci mana, yau ba mai ja da kai."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ɗiyata, shi ne babba, tun can na sani," in ji shi. "Tsoro nike in na yarda shi daina nemana musu."