Gaiwar Kakata

Har yau idan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata, wasu murna suke, ni kuwa gaiwar kakata nake tunawa.

A shekarar da ciwon bushiya ya share shanu, fari kuma ya biyo baya, kakata ta wayi gari a Tsaskiya ba ta da ko maraƙi. Mahaifina malamin makaranta ne a Safana, muna haya a ɗaki biyu. Ya je ya ɗauko ta. Ta zo da ƙunshin tsumma da tsohon tulu, cikinsa laka da ruwa da wata 'yar gaiwa da ta tsinta a tafkin da shanunta ke sha. Kifi ne mai kama da maciji, ba kyan gani, ni dai ƙyamarta nake. Ita kuwa tana tono mata tana, tana kiranta da irin muryar da take kiran shanu.

Mai gidan hayarmu mutum ne mai kafiya. Dokarsa ɗaya ce, ba a kiwo a gidansa, ko kaza. Ranar da labari ya kai masa, ya tsaya a zaure ya ce wa mahaifina, "Malam, ko abin nan ya fita, ko ku fita." Albashi ba ya zuwa a kan kari, ina za mu je?

Mahaifina ya durƙusa gabanta. "Inna, ki yi haƙuri, a zubar."

"Tafkin ya ƙafe," in ji ta. "A ina zan zubar da ita?"

Sai ta yi dabarar da mutanen daji suka sani. Ta daina ƙara ruwa. Gaiwa idan ruwa ya janye takan nutse cikin laka ta yi barci har damina, ta bar ɗan rami da take shaƙar iska. Da lakar ta bushe, kakata ta fasa tulun, ta fito da curin ƙasa kamar kan mutum, ta ajiye bayan ɗaki. Aka ce wa mai gida an zubar. Ba wanda muka gaya wa a gidan, don kada magana ta fita. Kullum da safe takan tsuguna ta gaida curin, ta ce, "Saura kaɗan, in ruwa ya sauka mu tafi gida."

Dab da damina zazzaɓi ya kwantar da ita. Ranar da ta samu ta miƙe, hadari ya haɗu a gabas, ta dogara sanda ta zaga bayan ɗaki. Babu curi. Muka same shi a madafar maƙwabciyarmu, wata amaryar ma'aikacin asibiti. Dutsen murhunta ɗaya ya fashe, ta ga curin ƙasa a yashe, ta cika na ukun da shi. Ya yi baƙi ƙirin, tukunyar tuwo a kansa.

Kakata ba ta yi faɗa ba. Da amaryar ta ji abin da ke cikin curin, ta fashe da kuka. Kakata ta ce, "Yi shiru, 'yata, ai ba ki sani ba. Mu muka ɓoye." Ta jira ya huce, ta naɗe shi a zaninta kamar jariri, ta binne a gindin katanga ana yayyafi. Ban ga ta yi kuka a kan shanu ba, amma ran nan na gani. Ba ta ƙara zancen komawa Tsaskiya ba, kuma ba ta koma ba.

Yanzu ni ma haya nake a Katsina, hanyar Tsaskiya kuwa ba ta biyuwa sai da fargaba. Kwanan baya 'yata ta ɓoye ɗan kunkuru a kwali, ta ce kada in gaya wa kowa. Na kama hannunta, muka bi ɗakunan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, muka nuna musu.