Rawanin Malam a Ƙofar Tarago

Duk sa'ad da ruwan farko ya sauka a kan ƙarfen da ya sha rana, akwai wani wari da ke tashi, na tsatsa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. In na shaƙe shi, ko a ƙofar masallacin unguwarmu ta Zongo a Lome nake zaune, sai in ga kaina cikin jirgin ƙasa, ina ɗan shekara tara, tsakanin kakannina biyu.

Damina ce. Iya, kakata, ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji, ta roƙa a kai ta arewacin ƙasar ta ga 'yan'uwanta. Mai magani ya yarda, amma ya ja kunne: kada sanyi ya taɓa ta a hanya. Malam, kakana, ya ɗauki wannan amana, ni kuwa Iya ta ƙi tafiya ba ni.

Mun bar Lome da hantsi. Taragon cike da mata 'yan kasuwa, da kwandunan busasshen kifi, da huhun goro. Wurin da muka samu dab da ƙofa yake. Ƙofar irin ta ja ce, sakatarta ta karye. Jirgi na girgiza, tana zamewa ta buɗe da kanta. Ba wanda ya damu, sai da hadari ya haɗo. Iska ta fara watso ruwa har kan ƙafafun Iya, ta soma tari.

Malam ya nemi igiya, babu. Sai na ga ya kai hannu kansa. Ban taɓa ganin kan kakana a buɗe cikin jama'a ba, amma ran nan ya warware rawaninsa, ya ɗaure mariƙin ƙofa da ƙarfen benci, ya ja tamau. Matan suka juyo suna kallonsa.

Wata mai kifi 'yar ƙabilar Mina, masu kiran malami Alfa, ta ce, "Alfa, ashe da sanƙo kake ɓoye mana!"

Har Iya sai da ta yi dariya. Ɗumi ya dawo, tarin ya lafa.

Da muka tsaya a wata ƙaramar tasha, aka fara dukan ƙofa daga waje. Ta tsagar katako na hango mace da goyo, da kaya a ka, ruwa na zuba mata. Jirgi ba ya daɗewa a irin wannan wuri.

"Kada ka kwance, Alfa," in ji mai kifi. "Ta je wani tarago. Ba ka ga tsohuwarka ba?"

Malam ya riƙe ƙullin. Ya dubi ƙofa, ya dubi Iya.

Iya ta ce, "Malam, buɗe mata."

"Ke fa?"

"Ni na ci zamanina. Ba ka jin kukan jaririn?"

Ya kwance. Ruwa ya shigo tare da matar. Haka aka yi a kowace tasha har muka sauka: a buga, Iya ta ɗaga yatsa, Malam ya kwance, ya sake ɗaurewa. Matan suka tara zannuwansu a kanta, amma sanyi ya riga ya samu hanya.

Iya ta ga 'yan'uwanta. Kwana shida ta yi, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta.

Mahaifina bai taɓa faɗin kalmar zargi ba, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ya shekara ba ya zama cin abinci tare da Malam. Shi kuwa Malam ya ci gaba da naɗa rawanin nan da tabon tsatsarsa har ya koma ga Allah, bai yarda a rina shi ba.

Yau jirgin fasinja ya daina tashi daga Lome. Ɗana da ke karatu a Turai ya ce mini jiragen cikin garinsu, in ana ruwa ko sanyi, ƙofofinsu ba sa buɗewa sai mai shiga ya danna maɓalli, su kuma rufe da kansu don kada na ciki su ji iska. Na ce madalla, da Iya ta samu wannan. Sai na tambaye shi: wadda ta zo da goyo, hannu biyu riƙe da kaya, wa ke buɗe mata?

Ya ce a waya, "Baba, ban taɓa duba waje ba."