Tsinke a Tsakiyar Kaina

Abin ya soma ne shekarar da rijiyar gidanmu ta rufta, damina biyu bayan maigidana ya dawo daga Makka. Lokacin ni ce mai kitson unguwarmu a Kabo. Ba yabon kai ba, har daga Masanawa ake kawo mini amare.

Da ƙaiƙayi ya fara, a tsakiyar kai. Sai ƙuraje masu zafi, su fashe, su yi ɓawo. In ɓawon ya faɗi sai ya tafi da gashi, wurin ya koma sumul yana sheƙi kamar bayan ƙwarya. Ga gaɓoɓina na ciwo da safe, ga wani tabo a kumatuna da ke tashi in na jima a rana.

Mu kuwa tun muna yara mun san yadda ake gane kuturta: a soka allura a tabon, in mutum bai ji ba, shi ke nan. A gabana aka yi wa ƙanwar kakata. Daga ranar aka ware mata kwano da moɗa, yara suka daina hawa cinyarta. Ni ko da jikokina kwano ɗaya muke cin tuwo.

Ran nan da hantsi na rufe ɗaki, na cire kallabi, na dasa tsinken kitsona a tsakiyar tabon kaina. Wallahi kamar kan wata ake taɓawa. Na ɗaure kallabi tamau, da shi nake kwana. Alwala ma sai na zaga bayan rumbu nake shafar kai. In jika ya sa hannu a kwanona sai in janye nawa hannun.

To, mai kitso ba ta yi wa kanta. Ina da aminiya, 'yar Kutama da aure ya kawo unguwarmu. Jajiberin kowace Salla in yi mata, ta yi mini. Da Babbar Salla ta zo, na gama nata na fara tattara kaya.

Ta ce, "Ke tsohuwar nan, zauna. Zinariya kika ɓoye a kallabin?"

Na ce, "Kaina ke ciwo."

"Da Ƙaramar Salla ma haka kika ce. Ko kwarkwata kike kiwo?"

"Kwarkwata a kaina? Allah ya sawwaƙe, kin ɗauka irin naki ne?"

Kafin in rufe baki ta fizge kallabin. Dariyarta ta ɗauke. Na damƙe hannunta, na ce, "Na soka, ban ji ba. Don Allah don Annabi, kada a ware mini kwano."

Ta mayar mini da kallabin, da hannunta ta ɗaura. Bayan Salla ta ce wa mutan gida rakiya zan yi mata, muka hau mota sai asibiti a Gwarzo. Can suka tura mu Kano wajen likitan fata. Duk hanya hannuwana na cikin mayafi, ina lissafa yatsuna.

Likitan ya duba, ya sa aka ɗebi jini. Da muka koma ya ce, "Inna, ba kuturta ba ce. Jikinki ne ke yaƙar saiwar gashinki, shi ke taɓa gaɓoɓin da kumatun. Tabo kuma dama ba ya jin taɓi sosai. Inda ya riga ya shafe gashi ba zai dawo ba, amma magani zai tare sauran. Ki guji rana."

Na ce, "Ɗan nan, ba gashi ya kawo ni ba. Kwanon fa?"

Ya ce, "Ba a ɗauka. Ki ci da jikokinki."

Na ci. Amma har gobe in gefen tabon ya yi ƙaiƙayi sai in laluba yatsuna.

Maigidan ya rasu, mai motar da ya kai mu Gwarzo ma na ji ya rasu. Aminiyar nan tana nan, ido ya yi rauni, amma ita ke kitse mini ɗan gashin da ya rage a ƙeya. Abin da ke ƙarƙashin kallabin nan, daga ita sai ni muka sani.