Laifin da Na Ɗora wa Zanzaro

A shekarar da na dawo daga Yamai da takardar koyon gyaran na'urorin sanyaya gini, wani furoje, wato shirin aiki na Turawa, ya ɗauke ni aiki a Magariya. Mahaifiyata ta bi dangi gida gida tana cewa ɗanta ya zama injiniya. Ban gyara mata ba, don ni ma sunan ya yi mini daɗi.

Na'urar ginin tsohuwa ce, sai da ta gama aikinta a wata ƙasa aka kawo mana ita. Da iska take aiki. Akwai kwampiresa a bayan gini da ke tura iska cikin ƴan siraran tiyo, su kuma su bi bango zuwa kowane biro, wato ofis. A kowane biro akwai ɗan akwati a bango mai auna zafi, da ƴar ƙofa kamar ta allura inda iska ke fita kaɗan kaɗan. Da wannan fitar yake gaya wa na'ura ta ƙara sanyi ko ta rage. Saboda haka in ka kasa kunne za ka ji yana tsiii, kuma lafiyarsa ke nan.

Ranar farko na tara ma'aikata na yi musu lacca, har da mai gadi, wani dattijo mutumin Dungas da kowa ke kira Baba. Na buga ƙirji na ce babban abokin gabanmu a ginin nan shi ne yoyon iska. Maganar tsiii ɗin akwati ban yi ta ba, don ina ganin ilimin ya fi ƙarfinsu.

Tsakiyar bazara, lokacin da ko awaki ba su barin inuwa, gininmu ya zama firij. Sakatariya ta zo aiki da bargo. Direba ya riƙa sa rigar sanyi ya shiga biro, ya tuɓe in zai fita. Ƴan kabu-kabu suka gano, sai ga su suna shigowa tambayar hanyar Dantchiao, su da suka fi kowa saninta. Darakta kuwa mura ta kama shi, ya kira ni yana fyace hanci.

"Nan da Juma'a in ba ka gyara ba, zan aika Kano a kawo wanda ya iya. Kai kuma ka san inda ƙofa take."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ba aikin kaɗai ba, har da fuskar mahaifiyata in labari ya kai mata. Kwana uku ina bin tiyo da ruwan sabulu ina neman kumfa. Na zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwampiresa, na canza matatar iska, na duba agogon awon iska har idona ya yi ja. Ko'ina lafiya lau. Ban taɓa ganin na'urar da ba ta yoyo ko kaɗan ba sai wannan, ga mutane kuma suna rawar ɗari.

Ranar Alhamis da hantsi na zauna a biron darakta, ba ya nan, na dafe kai. Shiru ya yi yawa, sai na lura akwatin bango ba ya tsiii. Na cire murfin. A kan ƴar ƙofar iskar akwai faci na robar tayar babur, an yanke shi zagaye, an goge wurin, an liƙa da sholisho. Aiki mai tsabta, wallahi ni ban iya irinsa ba. Iska ta rasa mafita, na'ura ta ɗauka zafi ake, ta buɗe sanyi har ƙarshe. Biro takwas, faci takwas.

Na sami Baba a bakin ƙofa yana alwala.

"Baba, wa ya yi faci a akwatunan nan?"

Ya yi murmushi irin na wanda aka gano alherinsa. "Ni ne, ɗana. Shekara talatin ina faci a kasuwar Dungas, kunnena ba ya kuskure. Na ji suna yoyo duka, kai kuma aiki ya yi maka yawa. Ba kai ka ce yoyo ne abokin gaba ba?"

Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Na ɓamɓare facin, sanyi ya daidaita kafin la'asar. In na rubuta gaskiya a rapor, wato rahoton aiki, ko dai a kori tsoho, ko a tambayi wanda ya yi laccar. Sai na rubuta cewa zanzaro ne ya yi gini a ƙofofin iskar.

Darakta ya yaba mini a gaban kowa, sannan ya juya ga mai gadi. "Baba, daga yau duk ramin da zanzaro zai iya shiga a akwatunan nan, ka toshe shi."

Baba ya dube ni, dogon kallo, sannan ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Bai sake toshe komai ba, bai kuma tona ni ba. Shekara biyu na ƙara a wurin, kullum da safe ina ganinsa da tsintsiya yana korar zanzaron da bai yi laifin komai ba, don darakta ya ga ana aiki. In ya zo wuce akwatin da ke tsiii sai ya kau da kai ya ƙara sauri. Ya ci gaba da gaishe ni kamar da, sai dai bai ƙara ce mini ɗana ba. Injiniya yake cewa.