Sunan Inna a Gefen Littafi

Ana sallame sallar asuba muka bar Boɗinga, Baba a kan jaki, ni a ƙasa ina ja. Jakin nan da mahaifina halinsu ɗaya, in sun kafe sai lallashi.

Wani farke, ɗan fatauci, ne ya jawo mana tafiyar. Ya ce akwai malami a Shagari mai littafin da wani dattijo ya rubuta kan abin da ya gani a zamanin hijirar farkon jihadi a ƙasar nan. Baba yana yaro aka yi hijirar, a hanya kuma mahaifiyarsa ta rasu. Yanzu tsufa ya fara sace masa tunani, sa'o'insa duk sun tafi. Shi kaɗai ya san sunanta, kuma kunya ba ta taɓa barinsa ya furta ba. So yake ya ji ko littafin ya ambace ta.

Hanya rairayi ce. A Lambara muka sha fura da nono mai yami. Baba ya ce ta zamaninsu ta fi garɗi, ya kuma shanye har da tawa. Mai furar ta rage mana wuri ɗaya a kuɗin don furfurarsa. Fadamu duk albasa ce, jakin ya yi ta harinta ina ba masu gona haƙuri.

Malamin ya tarbe mu a zaure, ya zaro littafin daga gafaka, takardu warwara, gefensu cike da ƙarin masu karatu. Na karanta, Malam yana gyara mini. Da muka zo kan shekarar yunwa, Baba ya riƙa rigana faɗin sunayen rijiyoyi. Na ji daɗi har raina, rabona da ganinsa haka an daɗe. Amma littafin malamai da mayaƙa ya lissafa. Matan da suka mutu a hanya layi ɗaya ya ba su.

Baba ya sunkuyar da kai. "Innata na cikin waɗanga," in ji shi.

Malam ya jawo tawada. "Ga wuri nan ga gefe. Mi as sunanta?"

"Allah shi gafarta Malam, bakina bai iya hwaɗi nai."

Na zaci Baba ya manta ne. Can sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta da yatsa. Malam ya kwafa, Baba ya yi maza ya goge. Na dai riga na karanta: Hadiza. Na yi kuka ban ɓoye ba.

Washegari muka juyo, Baba yana gyangyaɗi a kan jaki. Na tafi ina ganin littafi ya gama faɗin komai, na dawo na san akwai waɗanda sai an je an saka su. Da muka iso ƙofar gida Baba ya tambaye ni daga ina muke. Na faɗa masa, na ce sunan Inna yana Shagari, yana kuma wurina.